Mel Blanc: Muryar da duniya ta sani, fuskar da ba ta sani ba

Mutane ƙalilan ne za su iya shaida Mel Blanc idan aka nuna masu hotonsa, amma da wuya a samu wanda ya kalli fina-finan katun na Amurka yana yaro da bai ji muryarsa ba.

Shi ne ya yi wa zomon nan mai wayon tsiya, Bugs Bunny, baki. Shi ne kuma toron agwagwa Daffy Duck, da alade mai i'ina Porky Pig, da muzuru Sylvester, da ma Tweety, ɗan tsuntsun da muzurun ya daɗe yana farauta bai samu ci ba.

Ya shafe fiye da shekaru 50 yana wannan aiki, daga 1937 har zuwa mutuwarsa a 1989, abin da ya sa aka yi masa laƙabi da "mai muryoyi dubu". Dubun dai kirari ne, domin adadin da aka fi ambata shi ne muryoyi daban-daban kimanin 400.

A lokacin da ya shiga sana'ar ba a ɗauki masu yin murya a bakin komai ba. Akan biya su ladan aikin da suka yi a sallame su, ba a ko rubuta sunansu a jikin fim. Blanc na cikin na farko-farko da suka karya wannan al'ada, ko da yake kansa kaɗai ya karya wa ita.

Haihuwa da tasowa

An haifi Melvin Jerome Blank a ranar 30 ga watan Mayun 1908 a birnin San Francisco na jihar Kalifoniya. Iyayensa Yahudawa ne, kuma tun yana ƙarami suka koma birnin Portland na jihar Oregon, inda ya yi karatu a makarantar sakandare ta Lincoln.

Tun yana makaranta ya yi suna wajen kwaikwayon maganar mutane, musamman baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka daga ƙasashe daban-daban, waɗanda kowanne da irin yadda Turanci ke fita a bakinsa.

Sunan gidansu na asali, Blank, na nufin wofi ko fanko a Turanci. A cewarsa, da wannan ne aka taɓa goranta masa a aji, aka ce zai ƙare kamar sunansa, dalilin da ya sa ya sauya harafin ƙarshe yana da shekaru 16 ya koma Blanc.

Da kiɗa ya soma neman abinci. Ya iya goge irin na Turawa da kuma busa babban ƙaho, ya kuma yi aiki da ƙungiyoyin makaɗa a gidajen wasa.

A 1927, yana da shekaru 19, ya fara fitowa a gidan rediyon KGW na Portland cikin wani shirin barkwanci mai suna The Hoot Owls.

Ya auri Estelle Rosenbaum a 1933, kuma a shekarar ce su biyun suka buɗe nasu shirin, Cobweb and Nuts, a gidan rediyon KEX. Shiri ne na sa'a guda da ake yi da tsakar dare, kwana shida a mako.

Gidan rediyon ba shi da kuɗin ɗaukar 'yan wasa, saboda haka duk mutumin da labari ya buƙata, Blanc ne zai ƙirƙiro masa murya. Talaucin shirin ne ya zame masa makaranta. Bayan shekaru biyu suka tattara suka koma Los Angeles, inda ya ci gaba da samun ƙananan ayyuka a rediyo.

Shiga fina-finan katun

Zanen da ke motsi ya girmi zanen da ke magana. Sai a 1928, da fim ɗin Steamboat Willie na Walt Disney ya fito, aka tabbatar cewa sauti zai iya tafiya daidai da motsin zane har ya burge 'yan kallo.

A shekarun farko kamfanoni kan yi amfani da duk wanda ke kusa. Walt Disney da kansa ne ya riƙa yi wa Mickey Mouse murya na tsawon shekaru. Ita kuwa Adriana Caselotti, wadda ta yi muryar tauraruwar fim ɗin Snow White na 1937, kuɗin da aka biya ta bai kai dala 1,000 ba, kuma ba a sa sunanta ba, duk da cewa fim ɗin ya kawo miliyoyi.

Cikin wannan yanayi ne Blanc ya riƙa zarya zuwa kamfanin Leon Schlesinger, wanda ke shirya wa Warner Bros. gajerun fina-finan Looney Tunes da Merrie Melodies. Ya sha ba da labarin cewa ya yi kusan shekara ɗaya da rabi ana ce masa babu gurbi, har sai da Treg Brown, mai kula da haɗa sauti, ya yarda ya saurare shi a ƙarshen 1936 ya kuma gabatar da shi ga daraktoci.

Aikinsa na farko shi ne muryar maye a fim ɗin Picador Porky na 1937.

Babbar damar ta zo ne ta hanyar rashin sa'ar wani. Joe Dougherty, wanda ya fara yi wa Porky Pig murya, mai i'ina ne na gaske. Ba ya iya tsayar da i'inar inda ake so, sai ɗaukar sauti ta yi ta ja, ga shi a lokacin a kan zaren fim mai tsada ake ɗauka. Aka maye gurbinsa da Blanc, wanda ke iya yin i'inar da gangan ya kuma yanke ta daidai inda dariya take.

Fim ɗin farko da ya yi Porky a cikinsa shi ne Porky's Duck Hunt na watan Afrilun 1937, wanda Tex Avery ya ba da umarni. A cikinsa ne Daffy Duck ya fara bayyana, shi ma da muryar Blanc.

Bugs Bunny, a kamannin da aka san shi da su, ya fito ne a ranar 27 ga watan Yulin 1940 a fim ɗin A Wild Hare. Blanc ya ce ya haɗa masa murya ne daga karin maganar unguwanni biyu na birnin New York, wato Brooklyn da Bronx, domin ya fito a matsayin ɗan birni mai buɗaɗɗen ido wanda ba a yi wa wayo.

Daga nan sai suka yi ta zuwa: Tweety a 1942, Sylvester da gajeren ɗan bindigar nan mai zafin rai Yosemite Sam a 1945, zakara mai surutu Foghorn Leghorn a 1946, da ɓera mai gudu Speedy Gonzales a 1953.

Yadda ake aikin

Mutane da dama na zaton ana gama zane ne sannan a ɗora murya. A kamfanin Warner murya ake fara ɗauka.

Bayan an ɗauka, sai mai haɗa sauti ya auna tsawon kowace gaɓar kalma ya rubuta a takarda. Fim na tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka masu zane kan san a hoto na nawa baki zai buɗe, a na nawa zai rufe. Ke nan inda mai murya ya ja numfashi, ko ya yi jinkiri, ko ya daka tsawa, shi ne ke tsara yadda za a zana fuska da jiki. Mai murya rabin ɗan wasan ne, masu zane su ne sauran rabin.

Idan fim na da taurari uku da duk shi ke yinsu, Blanc kan karanta maganganun ɗaya gaba ɗaya, sannan ya koma na biyu, daga bisani a yayyanka a jera su. Wanda ya ji Bugs da Daffy suna musu, mutum ɗaya ya ji yana musu da kansa.

Na'ura ma na da nata hannun. Akan ƙara wa muryoyin Porky da Tweety da Speedy sauri domin su yi siriri. Muryar Daffy kusan ita ce ta Sylvester, tsamin bakin iri ɗaya ne, sauri kawai aka ƙara mata. Blanc ya ce ta Sylvester ce ta fi kusa da muryarsa ta yau da kullum, ta Yosemite Sam kuwa ita ce ta fi cin maƙogwaro, domin kusan duk ihu ce.

Akwai kuma batun karas. Babu abin da ke ba da ƙarar cin karas sai karas ɗin kansa, amma idan ya tsaya taunawa da haɗiyewa magana za ta katse. Sai ya riƙa gatsa ya tauna ya tofar a kwando, sannan ya ci gaba. Daga nan aka samo jita-jitar cewa jikinsa ba ya karɓar karas, abin da shi kansa ya musanta.

Ga mai jin Hausa wannan fasaha ba baƙuwa ba ce. Tsohuwar da ke yi wa jikoki tatsuniya da dare a Zurmi ko Shinkafi ta san cewa Gizo ba ya magana sai da tsamin baki, kura kuma sai da kakkaurar murya, kuma yara kan gane mai magana tun kafin a ambaci sunansa. Da kwaikwayon murya 'yan kama suke cin abinci. Bugs Bunny ma ɗan'uwan Gizo ne a hali: ƙaramin da ke kayar da babba da dabara.

Rikici kan dariya

Abubuwa biyu da suka faru a 1940 sun nuna matsayin mai murya a wancan zamani.

Kamfanin Disney ya ɗauke shi ya yi muryar muzuru Gideon a fim ɗin Pinocchio. Bayan an ɗauki maganganun, sai aka yanke shawarar muzurun ya zama bebe. Abin da ya rage na aikin Blanc a fim ɗin shi ne shaƙuwa.

A shekarar ce kuma ya yi wa kamfanin Walter Lantz muryar Woody Woodpecker, tsuntsun nan mai saran itace da baki, ya kuma ba shi wata irin dariya da ya ce tun yana makaranta yake yin ta. Bayan fina-finai kaɗan ya bar aikin saboda ya sa hannu a yarjejeniyar yi wa Warner kaɗai katun. Amma Lantz ya ci gaba da amfani da dariyar da aka riga aka ɗauka har zuwa farkon shekarun 1950.

A 1948, da wata waƙa da aka gina a kan dariyar ta yi kasuwa, Blanc ya kai Lantz kotu. Bai yi nasara ba, domin bai taɓa yi wa dariyar rajistar mallaka ba. Daga bisani suka sasanta a wajen kotu.

Suna a maimakon kuɗi

Blanc ya ce ya nemi Schlesinger ya ƙara masa albashi, aka hana shi. Sai ya ce to a riƙa rubuta sunansa a farkon fim. Schlesinger, wanda aka san shi da riƙon kuɗi, ya ga wannan ba zai ci masa ko sisi ba, ya amince.

Daga 1944 sunan Mel Blanc ya fara fitowa a fina-finan Bugs Bunny, cikinsu har da Little Red Riding Rabbit, daga baya aka faɗaɗa zuwa sauran.

Wannan ciniki ya fi ƙarin albashi riba nesa ba kusa ba. Masu shirya wasannin rediyo da masu talla sun san wanda za su nema, ayyuka suka yi ta shigowa. Daga 1946 zuwa 1947 har shiri mai sunansa ya samu a gidan rediyon CBS.

Sai dai yarjejeniyar ta bar baya da ƙura. Sunansa kaɗai ake rubutawa, alhali ba shi kaɗai ke aikin ba.

Arthur Q. Bryan ne ya yi muryar maharbin nan Elmer Fudd, babban abokin gabar Bugs, daga 1940 har ya mutu a 1959. A fim ɗin What's Opera, Doc? na 1957, wanda da yawa ke ɗauka shi ne mafi kyawun katun ɗin Warner, Bryan ne ya rera kusan duk waƙoƙin Elmer, amma babu sunansa.

Haka Bea Benaderet da June Foray, waɗanda suka yi muryar tsohuwar da ke kiwon Tweety ɗaya bayan ɗaya, da Stan Freberg da Daws Butler. Shekaru da dama 'yan kallo na zaton Blanc ne ke yin kowa da kowa, har da mata.

Blanc gwanin ba da labari ne, kuma masu tarihin katun sun nuna cewa wasu labaransa na da gishiri. Ya ce sai da ya je gonar aladu ya saurari gurnaninsu kafin ya samo muryar Porky, alhali i'inar ta riga shi zuwa kamfanin. Ita ma shahararriyar gaisuwar Bugs Bunny, Tex Avery ya ce shi ya kawo ta daga yadda samari ke magana a jiharsu ta Texas.

Duk da haka babu mai jayayya kan gwanintarsa. Fina-finai biyar na Warner da ya yi wa murya sun ci kyautar Oscar, daga Tweetie Pie na 1947 zuwa Knighty Knight Bugs na 1958.

Ba duka ayyukan ne suka tsira daga suka ba. An zargi fina-finan Speedy Gonzales da yi wa mutanen Meziko ba'a, har tashar Cartoon Network ta jingine su a 1999, kafin ta dawo da su a 2002 bayan da 'yan asalin Latin Amurka da dama suka ce su dai suna son ɓeransu.

Rediyo da talabijin

Duk tsawon wannan lokaci bai bar rediyo ba. Daga 1939 ya zama ɗan gida a shirin ɗan barkwanci Jack Benny, inda ya yi malamin goge Bafaranshe da ɗalibinsa ya ishe shi, da aku, da mai sanar da tashin jirgin ƙasa.

A shirin ne kuma ya zama mota. An ce wata rana faifan da ke ba da ƙarar tsohuwar motar Benny ya ƙi tashi ana tsakiyar shiri, sai Blanc ya matsa kusa da abin ɗaukar magana ya yi tarin injin da bakinsa. Masu sauraro suka yi ta dariya, daga nan aka bar masa aikin.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi muryar Private Snafu, wani sakaran soja da rundunar Amurka ta riƙa amfani da shi wajen nuna wa kurata abin da bai kamata su yi ba.

Yarjejeniyar da ta ɗaure shi da Warner ta ƙare a 1960, daidai lokacin da kasuwar katun ke barin gidajen sinima tana komawa talabijin. Kamfanin Hanna-Barbera ya ba shi muryar Barney Rubble a shirin The Flintstones, wanda aka fara nunawa a shekarar, sai kuma ta Mista Spacely a The Jetsons daga 1962. Ya kuma yi ihu da ƙarar wasu fina-finan Tom and Jerry da Chuck Jones ya shirya tsakanin 1963 da 1967.

Haɗarin mota

A ranar 24 ga watan Janairun 1961 motarsa ta yi taho-mu-gama da wata a kan titin Sunset Boulevard na Los Angeles, a wata kwana da ta yi ƙaurin suna wajen cin rayuka.

Ƙoƙon kansa ya tsage a wuri uku, ƙafafunsa biyu da ƙashin ƙugunsa suka karye. Ya yi kimanin makonni biyu cikin doguwar suma a asibitin jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles.

Kamar yadda shi da ɗansa Noel suka sha faɗa, an yi ta kiran sunansa bai amsa ba, sai wani likita ya sauya dabara ya tambayi Bugs Bunny ya jiki. Majinyacin ya amsa da raunanniyar muryar zomon, ya ƙara da gaisuwar nan tasa, wadda ma'anarta ta yi kusa da "Likita, ya ake ciki?"

Daws Butler ya riƙe masa Barney Rubble na 'yan makonni. Daga nan kamfanin ya kwashi na'urorin ɗaukar sauti ya kai gefen gadonsa, sauran 'yan wasa suka kewaye shi, ya ci gaba da aiki yana kwance cikin filasta.

Ya shigar da hukumar birnin Los Angeles ƙara yana neman diyyar dala 500,000, kuma daga baya an gyara kwanar.

Shekarun ƙarshe

Bayan ya warke ya mai da hankali ga kamfanin shirya tallace-tallace da ya kafa, wanda ɗansa Noel ya taya shi gudanarwa. A shekarun 1970 kamfanin American Express ya sa shi a wani talla da aka gina kan cewa ba a san fuskarsa ba.

Ya fara shan taba tun yana da shekaru 9, bai daina ba sai da ciwon huhu ya kama shi yana da shekaru 77.

A 1988 ya wallafa tarihin rayuwarsa, ya kuma yi muryoyin Bugs da Daffy da Porky da Tweety da Sylvester a fim ɗin Who Framed Roger Rabbit. Yosemite Sam ne kawai ya gagari maƙogwaronsa, aka ba Joe Alaskey.

Ya mutu a ranar 10 ga watan Yulin 1989 a asibitin Cedars-Sinai na Los Angeles, yana da shekaru 81. Aikinsa na ƙarshe, fim ɗin Jetsons: The Movie, ya fito a 1990.

Bisa wasiyyarsa, an rubuta a kan kabarinsa da ke Hollywood kalmomin da Porky Pig ke rufe fim da su, waɗanda ke nufin "shi ke nan jama'a". Kamfanin Warner kuma ya buga wani zane da ke nuna taurarinsa sun sunkuyar da kai, sun yi shiru a gaban abin ɗaukar magana.

Bayansa

Ba a samu mutum ɗaya da ya gaji duka muryoyin ba. An rarraba su ne tsakanin 'yan wasa da dama, irin su Jeff Bergman da Joe Alaskey da Bob Bergen da Billy West, wanda ya yi Bugs a fim ɗin Space Jam na 1996, da kuma Eric Bauza.

Sanya sunan masu murya a jikin fim ya zama abin da aka saba. A ƙasar Hausa ma sana'ar ta samu gindin zama ta wata fuskar, inda kamfanoni irin su Algaita suka yi suna wajen ɗora muryoyin Hausa a kan fina-finan Indiya.

Ita kuwa tambayar da shari'arsa da Lantz ta taso da ita, ta wane ne ke da murya bayan an ɗauke ta, ba ta mutu ba. A 2011 da 2012 kamfanin Warner ya fitar da sababbin gajerun fina-finai guda biyu da aka gina a kan waƙoƙin da Blanc ya ɗauka a faifai tun farkon shekarun 1950.

A 2023, 'yan wasan Hollywood sun yi yajin aiki na kwanaki 118, kuma ɗaya daga cikin manyan buƙatunsu shi ne kada a kwaikwayi fuska ko muryar ɗan wasa da kwamfuta sai da izininsa da kuma biyansa. Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yajin aikin a watan Nuwamban shekarar ta ƙunshi wannan sharaɗi.